Ɗanki ya iso Ingila yana gudun ki: yadda ake samun yardar yaro mai tsoro a baƙuwar ƙasa

Tambayar ta fito ne daga wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya a Manchester. Ta bar ɗanta na fari a hannun mahaifiyarta a Kano yana da wata 15, ta tafi aiki. Yanzu shekararsa 3 da wata 8, kuma mako uku ke nan da mahaifinsa ya kawo shi, shi ma mahaifin ba gida ɗaya suka zauna da yaron ba, sai dai ziyara. Tun da ya iso bai yarda ta ɗauke shi ba. Anti yake ce mata. In ta matso sai ya shige bayan kujera, abinci sai dai ya tsakura, fitsarin kwance da ya daina ya dawo, da dare kuma kuka yake yana kiran Hajiya. Wasu sun ce ta daina haɗa shi da kakar a waya don ya manta, wasu sun ce ta kai shi nazare kawai, zai ware. Tana tambayar wacce za ta bi.

'Yar'uwa, sannu da wannan hali, Allah ya raya shi ya shirya miki shi. Shawarwarin nan biyu ki ajiye su tukuna, zan zo kan kowacce. Abin da za ki fara gyarawa shi ne yadda kike fassara halin yaron. A wurinki ɗanki ne ya dawo hannunki. A wurinsa kuwa raba shi aka yi da uwarsa. Yaro mai shekara uku bai san wadda ta haife shi ba, ya san wadda take tashi cikin dare ta ba shi ruwa, wadda ta goya shi ranar da yake zazzaɓi, kuma kusan shekara biyu da rabi Hajiya ce take wannan aikin. Cikin yini ɗaya ya rasa ta, ya rasa tsakar gidan da ya sani, da yaran maƙwabta, da kiran sallar masallacin layinsu, har da ranar da take fitowa da zafinta. Makoki yake yi. Babu raini a ciki, babu taurin kai, kuma babu wanda ya zuga shi.

A farkon shekarun 1950 John Bowlby da James Robertson sun bi diddigin ƙananan yaran da aka kwantar a asibitocin Ingila ba tare da iyayensu ba, suka ga matakai uku. Da farko bore, wato kuka da neman wanda aka rasa. Sai yanke ƙauna, yaro ya yi shiru, ya rage ci da wasa. Daga ƙarshe ya zama kamar bai damu da kowa ba. Haɗarin shi ne manya suna ganin mataki na biyu su ce alhamdulillahi ya saba. Don haka kukan da yake yi yana kiran Hajiya, duk da zafinsa a zuciyarki, ya fi mini alheri a kan ya yi tsit. Yana nuna an riƙe shi da kyau, ya san daɗin samun mai lallashi, kuma yaron da ya taɓa shaƙuwa da wani babba yana iya shaƙuwa da wani. Ki kuma tambayi Hajiya ko dama can mai ƙiwa ne. Binciken da Alexander Thomas da Stella Chess suka fara a New York a 1956 ya nuna kusan yara 15 cikin 100 haka halittarsu take, sai a hankali suke sakin jiki da sabon mutum ko sabon wuri. In yana cikinsu, aikin iri ɗaya ne, lokacin ne zai fi tsawo.

Mu fara da tazarar da ke tsakanin jikinki da nasa, domin a nan aka fi yin ɓarna. Ki daina zuwa wurinsa, ki bar shi ya zo. Zauna a ƙasa, kamar taku uku daga inda yake, ki ba shi gefenki, kada ki fuskance shi kai tsaye, kada ki kafe shi da ido. Hannunki ya kasance yana wani aiki mai jan hankali: tsince wake a faranti, ninke kaya, jera kofuna, tura ƙaramar mota. Ki riƙa magana ƙasa-ƙasa da Hausa kan abin da kike yi, ba tare da kin kira shi ba. Yawanci matsowar yaro tana bin tsari. Zai fara leƙe daga maɓoyarsa, sai ya fito ya tsaya, sai ya fizgi abu ɗaya ya koma da gudu, wata rana ya ajiye miki abu a kusa da ƙafarki, sannan ya taɓa ki ta baya, daga ƙarshe ya jingina. Ranar da ya fara taɓa ki ita ce ranar jarrabawa. Uwar da ta shekara biyu tana kewar ɗanta, hannunta da kansa yake tashi ya rungume shi. In kika yi haka, darasin da ya ɗauka shi ne matsowa tana jawo kamu, sai ku koma baya da kwanaki. Ki ci gaba da abin da kike yi, ki ce "ga ka nan," shi ke nan. Wannan kamar mai ba tattabaru hatsi ne, hannun da ya tsaya cak shi suke sauka a kai.

Akwai taɓawar da ba makawa, kamar wanka, tsarki, sa rigar sanyi, ɗaure shi a kujerar yara ta mota. Kowacce ki faɗa kafin ki yi: "Zan goge maka hanci." Ki jira daƙiƙa uku, sannan ki yi, ki gama da sauri. Inda ya fi yarda da babansa, baban ya yi, ke ki miƙa tawul da sabulu. A haka yake ganin ki cikin aikin kula da shi ba tare da ya ji an auka masa ba.

Sunan Anti ki ƙyale shi. Kada ki ce "ni ce uwarka," kada ki sa kowa ya gyara masa. Ke dai ki riƙa ambaton kanki da sunan da kike so, "Umma za ta kawo ruwa," babansa ma ya riƙa cewa "kai wa Umma." Ki zaɓi sunan da bai yi karo da wanda yake kiran kakarsa da shi ba. Sannan batun kunyar ɗan fari. A gida al'adar tana tafiya lafiya domin akwai goggo da inna da kaka da suke cike gurbin, uwa ta kau da kai wasu su ɗauka. A gidan bene mai ɗaki biyu a Manchester babu mai cike wannan gurbi. In sunan mahaifinki ko na surukinki ya ci, ki kira shi da laƙabin da Hajiya take kiransa, amma dole ya ji bakinki yana kiransa da taushi, ya ga fuskarki ta saki idan ya shigo ɗaki.

Da zarar ya fara zama kusa, ki shigo da wasa na musamman. Wannan dabara ce daga tsarin da Sheila Eyberg ta tsara a Amurka a shekarun 1970, kuma minti 5 kacal ake nema a rana, a lokaci ɗaya kullum, misali bayan la'asar. A ajiye waya a wani ɗaki, a kashe talabijin. Kayan wasan su zama waɗanda ba su da ƙa'ida: tubalan roba, motoci, kofuna da cokula, takarda da fensir mai kala. Cikin mintunan nan biyar ba tambaya, ba umarni, ba gyara. Abin da za ki yi shi ne ki faɗi abin da hannunsa yake yi ("ka ɗora ja a kan shuɗi"), ki maimaita abin da ya faɗa, ki kwaikwayi wasansa da naki kayan, ki yaba takamaiman abu ("ka ajiye a hankali"). Hana tambaya ne ya fi wa iyaye wuya, domin mun saba da "wannan mene ne, wace kala ce?" Ga yaro mai tsoro kowace tambaya jarrabawa ce da zai iya faɗuwa, shi ya sa yake ƙara rufe baki. Idan saura minti ɗaya ki sanar da shi, idan lokaci ya cika ki ce gobe ma za a yi, goben kuma ki yi. Kada ki taɓa soke wasan don ya yi laifi.

Wannan "goben kuma ki yi" shi ne ginshiƙin maganar gaba ɗaya. Yaro ba ya yarda da mutum don kyauta ko daɗin baki. Yana yarda ne idan abin da mutumin ya ce ya faru, sau da yawa, har ya daina shakka. Ki fara da ƙananan alkawura da gangan: "Zan shiga banɗaki in fito." Minti ɗaya ki fito ki ce "na fito." Sai na minti uku, kai shara waje. Sai na minti goma, zuwa shago yana tare da babansa. Kada ki taɓa sulalewa don gudun kukansa. Kukan sallama na minti biyar ya fi sauƙi a kan yaron da ya gano cewa mutane suna ɓacewa idan ya juya baya, domin wannan yaron ba zai ƙara sakin jiki ya yi wasa ba, gadin ƙofa zai koma. In da ƙarya aka rabo shi da Kano, irin "zo mu je siyo alawa," to ki faɗa masa gaskiya da gajerun kalmomi: an ce maka shago za a je, ba shago ba ne, nan gidanmu ne, Hajiya tana Kano, tana lafiya. Kada ki ce gobe za ku koma.

Aikinki na sa'a 12 da na dare shi ne babban cikas, kuma ba laifinki ba ne. Dokar Birtaniya ta ba iyaye ma'aikata hutun kula da yaro marar albashi har mako 4 a shekara kan kowane yaro, da sanarwar kwana 21, ga kuma hutunki na shekara. In aljihu zai ɗauka, mako biyu zuwa huɗu a jere yanzu sun fi wata biyu a shekara mai zuwa amfani. In ba zai yiwu ba, babansa ya zama wanda ba ya motsi daga gida a makonnin nan, kada a riƙa yawo da yaron gidajen abokai. Yaro bai san ƙarfe takwas ba, don haka ki auna masa dawowarki da abin da ya sani: "Za ka yi barci, ka tashi, ka sha koko, sai in shigo." Ki manna hotuna bakwai a ƙofar firji bisa tsarin yini, tashi, karin kumallo, fita, abincin rana, wasa, wanka, barci, kuma ku riƙa bin su a jere ko da agogon ya ɗan goce.

Yanzu shawarar yanke waya da Hajiya. Kada ki bi ta. Yaron ba zai manta ba, zai dai koyi cewa a gidan nan ba a ambaton wadda ya fi so, kuma ke ce kika ɓatar da ita. Abin da ake gyarawa shi ne tsarin kiran. Sau ɗaya a rana, minti 5 zuwa 10, da safe ko da rana, ba dab da barci ba, kina zaune a gefensa kina riƙe da wayar. Lokaci ba matsala ba ne, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonku ɗaya da Kano, sauran watannin Kano tana gaba da sa'a ɗaya. Kafin nan ki yi magana da Hajiya ke kaɗai, cikin ladabi. Wasan kaka da jika, "maigidana ka gudu ka bar ni, wa zai ba ni kuɗin cefane," yaro mai shekara uku da gaske yake ɗaukarsa, sai ya kwana yana jin ya yi laifi. Ki roƙe ta ta daure kada ta yi kuka a gabansa, kada ta tambaye shi yaushe zai dawo. Abin da yake buƙatar ji daga bakinta shi ne izini: "Ummanka 'yata ce, ni na goye ta kamar yadda na goye ka. Ka ci tuwonta." Wannan jimla daga bakin Hajiya ta fi duk abin da za ki saya masa. In ya yi kuka bayan an kashe waya, ki zauna kusa ki ce "kana kewar Hajiya, ni ma ina kewarta." Ranar da ya fara barin wayar ya koma wasa tun ba a gama ba, sai a rage zuwa bayan kwana biyu.

Ki kuma karɓi bayanin riƙo daga wurinta kamar yadda kike karɓar bayanin majinyaci idan kin shiga aiki. Da me take masa wanka, kafin abinci ko bayansa, ta wane gefe yake kwanciya, tana bubbuga bayansa ko shafa kansa, me yake cewa idan yana jin fitsari, wace addu'a take tofa masa. Ta aiko da zaninta ɗaya da ta ɗaura, kada a wanke, domin ƙamshin ake so. Ta yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi biyu ko uku a saƙon murya, ki riƙa kunna masa.

Dare. Yaro mai shekara 3 zuwa 5 yana buƙatar barcin sa'a 10 zuwa 13 a yini, har da na rana, kuma wanda bai samu ba tsoronsa ninkuwa yake. Yaron da ya tashi yana kwana a jikin kakarsa kada a ware masa ɗaki don an ga haka maƙwabta suke yi. A shimfiɗa masa katifa a gefen gadonku, da ƙaramar fitila mai rauni. Rabin sa'a kafin barci abu ɗaya kullum: wanka, shafa mai, Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, tatsuniya, kwanciya. A Kano magariba ba ta nisa da ƙarfe shida zuwa bakwai duk shekara, a Manchester kuwa rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a Disamba, a Yuni kuma sai bayan tara da rabi, don haka haske ba zai gaya masa lokacin barci ba, tsarin nan ne zai gaya masa. Fitsarin kwance kuwa ba a ɗaukarsa matsala a ƙasa da shekara 5, balle ga yaron da aka sauya wa duniya. Ki shimfiɗa leda da zanin gado, ki ƙara wata ledar da wani zanin a sama, in ya jiƙa ki yaye na saman cikin minti ɗaya ba tare da magana ba. In ya tashi da ihu a farkon dare, ido buɗe amma bai gane kowa ba, kada ki girgiza shi, ki tsare shi daga faɗuwa har ya lafa, da safe ba zai tuna ba.

Abinci ki mayar da shi na gida tukuna. Tuwon semo ko na garin shinkafa da miyar kuka, shinkafa da wake, ƙosai, kunun gyaɗa, duk ana samun kayansu a shagunan 'yan Afirka. Ku zauna a ƙasa, faranti ɗaya, da hannu, in haka ya saba. Babban abinci uku da ƙanana biyu, kowane zama minti 20 zuwa 30, sai a ɗauke ba faɗa. Naki shi ne me za a ci da yaushe, nasa shi ne ko zai ci da nawa. Ɗura da bin sa da cokali suna mayar da ke abin gudu sau biyar a rana. Sabon abinci loma ɗaya a gefen wanda ya sani, kuma yakan ɗauki gani 10 zuwa 15 kafin yaro ya karɓa. Madara kada ta wuce kofi biyu, in ba haka ba ita za ta cika cikin. Hukumar lafiya ta Birtaniya, wato NHS, tana ba da shawarar bitamin D maikrogiram 10 kullum ga yara 'yan shekara 1 zuwa 4, kuma masu baƙar fata sun fi kowa buƙata a ƙasar da rana ta yi ƙaranci.

Gidan kansa cike yake da abubuwan tsoro da ke kin daina gani: ƙarar ruwan masai, shawa, injin shara, ƙararrawar hayaƙi idan mai ya ƙone, injin busar da hannu a banɗakin kanti, karnuka a filin wasa, fuskokin dodanni a ƙarshen Oktoba, tartsatsin wuta da ƙararsa a kwanakin 5 ga Nuwamba. Ƙa'idar ɗaya ce, ba a tilastawa, ba a kuma kauce wa abin gaba ɗaya, sai a yanka shi ƙanana. Ɗauki masai. Makon farko fo da buta, wanka da bokiti a cikin baho. Sai ki riƙa kora ruwan bayan ya fita ɗakin, kina sanar da shi. Sai yana bakin ƙofa. Sai shi ya danna da kansa ya gudu. Sai ya zauna da ƙaramin murfi na yara da abin taka ƙafa, domin ƙafa tana lilo ita ce rabin tsoron. Ba a hawa mataki na gaba sai ya yi na yanzu sau uku ba kuka. Kada ki ce "ba komai, ba abin tsoro ba ne." Ki ce "ƙarar tana da ƙarfi, ina nan."

Barazanar da muka tashi da ita, Dodo zai zo, zan kira ɗan sanda, za a yi maka allura, zan ba Bature kai, duk a daina, har baƙi masu zuwa gidan a gaya musu. Yaron nan zai ga likita, zai zauna da malamai Turawa, kuma an riga an taɓa ɗauke shi an ba wasu, don haka a wurinsa wannan ba wasa ba ne. Duka ma haka. Scotland ta haramta dukan yara gaba ɗaya a 2020, Wales a 2022, a Ingila kuma duk dukan da ya bar tabo laifi ne, kuma makaranta wajibinta ne ta sanar da jami'an kula da walwalar yara. Amma ko babu doka, mari ɗaya yana rushe aikin wata guda.

Ki shirya wa wani abu da yake ruɗa iyaye. Idan yarda ta fara shiga, hali yakan ɓaci. Yaron da yake laɓewa shiru zai fara birgima, ya jefar da abinci, ya dake ki, ko ya manne miki har banɗaki. Ci gaba ne. Ya fara jin cewa zai iya sauke abin da ke cikinsa a gabanki, yana kuma gwada ko za ki tafi. Iyaka tana nan, amma gajeriya: ki riƙe hannun a hankali, "ba a duka," ki zauna kusa har ya huce. In ya nemi goyo ki goya shi, shekara uku ba ta hana. In ya hau bayanki kina sallah, Annabi (SAW) ya yi sallah yana ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya tashi ya ɗauke ta.

Nazare tana da amfani, lokacinta ne bai yi ba. Alamar da nake jira ita ce ya ji ciwo ko tsoro ya nufo ki ko babansa da kansa, wanda a ganina da wuya ya samu kafin mako huɗu zuwa shida. A Ingila kowane yaro mai shekara 3 ko 4 yana da sa'a 15 kyauta a mako, mako 38 a shekara, don haka ki nemi gurbi yanzu, ya fara a zango mai zuwa. Ƙa'ida ce a ba kowane yaro malama guda da ke da alhakinsa. Ki gaya mata tarihinsa, ki nemi shiga a hankali: ranar farko sa'a ɗaya kina ciki, sai ki fita minti 10, sai 30, sai sa'a ɗaya, cikin mako ɗaya zuwa biyu, kullum da sallama da faɗin lokacin dawowa. Ki rubuta mata kalmomi kamar goma da yadda ake furta su: ruwa, fitsari, kashi, ciwo, yunwa, zo, zauna, bari, sannu. Yaro mai koyon sabon harshe yakan yi makonni ko watanni bai yi magana a makaranta ba, yana saurare ne. Kada wannan ya sa ku koma Turanci a gida. Hausa ce kaɗai abin da ya taho da shi bai ɓace ba, kuma da ita zai ci gaba da magana da Hajiya. Abin da ya bambanta shi ne yaron da yake surutu a gida amma ya ƙame, fuska a daskare, a gaban kowa a waje har da masu jin Hausa, wata da watanni. Wannan matsalar tsoro ce da NHS ta ce tana shafar kusan yaro 1 cikin 140, kuma tana da magani a wurin masu gyaran magana.

Ki yi masa rajista da likitan GP, wato likitan iyali na unguwarku, a makon nan, kyauta ne kuma ba a sharɗanta takardar zama. Ki tafi da katin rigakafinsa na Kano, ki nemi gwajin sikila in ba a yi ba, da gwajin ji, domin yaron da kunnensa ya toshe yakan yi kama da mai tsoro. Ki nemi a haɗa ki da jami'ar lafiya mai ziyartar gidaje, wadda ke kula da yara har shekara 5. Duk tabon da ke jikinsa, na haihuwa mai shuɗi-shuɗi a gadon baya, ko tsaga, ko tsohon ƙuna, a rubuta shi a fayil tun yanzu don kada wani ya ɗauke shi sabon rauni. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 cikin shekarar farko da barin Najeriya, musamman wata ukun farko, a duba maleriya a ranar, kuma ki faɗi inda ya fito tun a waya idan kin kira 111, layin wayar NHS na neman shawarar lafiya cikin gaggawa.

Ki sa ran watanni, ba makonni ba. Don kada gajiya ta rufe miki ido, kowace Juma'a ki rubuta abu huɗu: tazarar da yake zama daga gare ki, sau nawa ya tashi da dare, me ya ci, da wurin wa ya nufa da ya ji ciwo. In mako shida zuwa takwas suka wuce babu ɗayansu da ya motsa, ki koma wurin likita da takardar. Kada ki jira wannan wa'adin in yana ramewa, ko ya ƙi shan ruwa, ko yana yawan ƙishirwa da fitsari, ko ya daina magana ko da Hausa, ko ba ya wasa sam, ko yana kare kansa da hannu duk lokacin da babba ya ɗaga hannu, ko kuma yana bin kowane baƙo ba tare da waiwaye ba. Ke ma in kin ga barci ya ƙaurace miki, kina kuka kullum ko kin fara jin haushin yaron, ki faɗa wa jami'ar lafiyar a ziyarar farko, wannan ma cikin aikinta yake.